A buɗe akwatin tsofaffin injinan CNC kafin a ɗora su a sikeli

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin hukumomi da masu masana'antu a kan wata dukiya da ke salwanta a hannunmu shiru-shiru. A rumbunan kamfanonin da suka rufe a Kano da Kaduna, da ɗakunan koyon aiki na wasu makarantun fasaha, na sha ganin injinan sassaƙa ƙarfe masu aiki da kwamfuta, waɗanda ake kira CNC, an lulluɓe su da tamfol an ce sun mutu. Idan an gaji da ganinsu sai a kira masu sayen tsohon ƙarfe, a sa musu wutar gas a yayyanka, a ɗora a sikeli. Da yawa daga cikinsu ƙarfensu lafiya lau yake. Akwatin lantarkin da ke ba su umarni ne ya mutu, kuma a yau ana iya maye gurbin wannan akwati da kuɗin da bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da kuɗin sabon inji.

Ni makanikin injinan masana'antu ne. A kan injin milin na hannu na koyi aiki tun ina yaron shago, kuma har gobe da shi nake cin abinci. Ga wanda bai taɓa shiga irin shagonmu ba, injin milin tebur ne na ƙarfe da ake ɗaure abin da za a sassaƙa a kansa, sai wuƙa mai haƙora da ke juyawa daga sama. Teburin yana tafiya hagu da dama, yana tafiya gaba da baya, wuƙar kuma tana sauka tana hawa. Waɗannan hanyoyi uku su ake kira X da Y da Z. A injin hannu mutum ne ke murza hannuwa yana kallon ma'auni. A CNC kuwa kowace hanya da motonta, kwamfuta ce ke gaya wa kowane moto inda zai kai da saurin da zai yi. Shi ya sa yake iya yanka da'ira ko lanƙwasar da hannun mutum ba zai iya ba, ya kuma fitar da abu ɗari iri ɗaya sak, bambancinsu bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na milimita ba.

Injinan da suka shigo ƙasar nan a shekarun 1980 da 1990, irin su Bridgeport da Deckel da Maho, da waɗanda ke ɗauke da ƙwaƙwalwar Fanuc ta Japan ko Siemens da Heidenhain na Jamus, an ƙera su da gaskiya. Gangar jikinsu zubin ƙarfe ne mai nauyi, ƙaraminsu ma ya haura tan ɗaya. Irin wannan ƙarfe shekara arba'in ba ta yi masa komai matuƙar ana ba shi mai kuma ruwan sama bai dake shi ba. Kayan lantarki kuwa kwanansu ƙidayayye ne, ko na wane kamfani ne. Kondensa tana bushewa. Tsohon gilashin nuni irin na talabijin mai ƙeya yana dushewa har rubutu ya daina fita. Ƙurar hunturu tana shiga ta kwanta a kan allunan, damina ta zo ta jiƙa ta da laima, ɓera kuma ya samu wayoyi ya yi ta ci. Mafi ban takaici shi ne wani ɗan batir da ke cikin akwatin, wanda aikinsa riƙe lambobin saitin injin idan an kashe wuta. Kamfani ya rufe na shekara biyu ko uku, batirin ya ƙare, lambobin su goge. Ranar da aka dawo aka kunna, sai injin ya yi ta nuna ƙorafi ya ƙi motsi, takardar da aka rubuta lambobin kuwa ta bi wani injiniya da ya bar aiki tun tuni. Misalinsa mota ce da injinta da giyarta ba abin da ya same su, burenbos kawai ya ƙone, mai ita ya kai ta Ƙofar Ruwa a farfasa.

Ban ga laifin mai kamfanin da ya yanke ƙauna ba. Zai tambayi dillali, a ce masa wannan samfuri an daina yin sa, sai dai a nemo tsohon allo daga Turai, a biya da Dala, kuma ba tabbacin zai yi wata shida. Ko a ce ya sayi sabon inji, wanda kuɗinsa dubban Daloli ne masu yawa kafin a zo maganar jirgin ruwa da kwastan. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, Dala ta tashi daga ƙasa da Naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Wa zai iya? Sai dai abin da ake asara a kan sikelin nan ya fi ƙarfin kilo. A cikin kowane inji akwai dogayen sukurori masu 'ya'yan boris a ciki, waɗanda aka goge su da daidaiton da babu mai iya yin sa a unguwarmu. Akwai sandar da ke juya wuƙa da boris ɗinta na musamman. Akwai layukan da tebur ke zamewa a kansu. Waɗannan su ne tsadar inji, kuma su ake narkarwa a yi rodi.

Ɗora sabuwar ƙwaƙwalwa a kan tsohon ƙarfe shi ne ma asalin sana'ar. Injin milin na farko da ya yi aiki da lambobi, wanda aka nuna a jami'ar MIT ta Amurka a 1952 da kuɗin rundunar sojan saman ƙasar, injin Cincinnati Hydrotel ne da ake da shi tun da, aka ɗaura masa motoci da na'urar karanta zaren takarda mai huji-huji. Daga baya aka daidaita harshen umarnin da ake kira G-code, wanda har yau shi ake amfani da shi. In ka rubuta G1 X50 F200 kana cewa ne tebur ya tafi a miƙe zuwa milimita 50 da saurin milimita 200 a minti. G2 da G3 na yanka da'ira ne, M3 na kunna wuƙa. Injin 1985 da na bana duk wannan harshe suke ji, da ɗan bambancin lafazi.

A farkon shekarun 1990 hukumar ma'aunai ta gwamnatin Amurka, NIST, ta rubuta wata manhajar sarrafa injina mai suna EMC. Da yake aikin gwamnati ne da kuɗin jama'a, sai aka sake ta ga kowa. Makanikai da injiniyoyi na ƙasashe daban-daban suka ɗauka suka ci gaba da gyara ta, ita ce yau ake kira LinuxCNC. Kyauta ake sauke ta daga intanet, tana aiki a kan Linux, wato tsarin tafiyar da kwamfuta irin Windows, tana iya sarrafa hanyoyin motsi har tara. Wanda ke ganin abin kyauta wasan yara ne, ya sani cewa kamfanin Tormach na Amurka, mai sayar da sababbin injinan milin, a kan LinuxCNC ya gina manhajarsa ta PathPilot.

Abin da ya sa na fi son ta ba arahar ba ce kaɗai. Duk saitin injin yana cikin 'yan fayiloli na rubutu da ido ke karantawa. Za ka buɗe ka ga layin da ya ce wannan waya ita ce ta makunnin iyaka mai tsayar da tebur in ya kai ƙarshe, wancan lamba ita ce iyakar gudun tebur. Ka kwafa a filashi, ka buga a takarda ka manna a ƙofar akwati, ka tura wa ɗan'uwanka ta WhatsApp ya ajiye maka. In kwamfutar ta ƙone gobe, ka sayo wata tsohuwa a titin Beirut, ka zuba fayilolinka, aiki ya ci gaba. Ba kalmar sirri a hannun wani dillali, ba jiran wani ya zo daga Legas ko daga waje ya danna maɓalli uku ya karɓi kuɗin jirgi da na otal. A ƙasar da kayan gyara ke wahalar samu, injin da za ka iya buɗe cikinsa ka fahimta ya fi maka wanda ya fi shi kyau amma a kulle.

Bari in faɗi yadda aikin yake, daga wani inji ƙirar Turai na tsakiyar shekarun 1980 da muka tayar a shagonmu, wanda muka saya daga wani kamfanin robobi da ya daina aiki. Kafin mu taɓa waya ko ɗaya, ƙarfen muka fara dubawa, domin in ƙarfe ya lalace duk sauran ɓata kuɗi ne. Muka wanke daskararren giris da kananzir, muka zame murafen da ke kare layukan tebur muka duba ko sun ci. A irin waɗannan layuka akwai wani zane mai kama da ɓawon kifi da maƙera suka kankara da hannu don ya riƙe mai. In ka ga zanen nan har yanzu yana nan a tsakiya, inda tebur ya fi zirga-zirga, to injin bai sha wuya ba. Namu yana nan. Sai muka kafa agogon awo, mai allurar da ke nuna motsi komai ƙanƙantarsa, a jikin tebur, muka juya sukurun da hannu zuwa gaba, muka dawo da shi baya, muna kallon nawa zai juya kafin allurar ta motsa. Wannan shi ne wasan da ke cikin sukuru. Haka muka sa agogon a cikin bakin sandar wuƙa muka juya ta a hankali, muna kallon allura, muna kuma saurare da kunne ko boris yana gurnani. Muka bi ƙananan bututun mai ɗaya bayan ɗaya, da yake sukan toshe, kuma inji na iya yin shekaru wani ɓangarensa ba ya samun ko ɗigo.

Da ƙarfe ya ci jarrabawa sai muka koma akwati. A nan ne mutane suka fi yin ɓarna, su ɗauki almakashi su yanke komai. Ba haka ake yi ba. Kowace waya a ɗauki hotonta, a rataya mata lamba, a rubuta inda ta fito da inda ta nufa kafin a cire ta. Kuma ba komai ake zubarwa ba. Taransifoma da manyan makunnai da fis yawanci lafiya suke. Motocin da ke jan tebur a injinan wancan zamani irin waɗanda ake kira sarbo ne, masu gawayi a ciki, kuma akwatunan da ke ba su wuta suna karɓar umarni ne da ƙaramar wuta tsakanin bolt 10 na gaba da bolt 10 na baya: in ta yi sama moto ya juya dama, in ta yi ƙasa ya juya hagu, yawanta shi ne sauri. Namu da muka canza musu gawayi muka hure ƙura, sai ga su garau. Saboda haka abin da muka cire tsohuwar kwamfutar ce kawai da gilashinta.

A madadinta muka sa tsohuwar kwamfutar tebur da katin sarrafa motoci na kamfanin Mesa da ke Amurka. Samfurin 7i77 an yi shi ne musamman don irin waɗannan motoci: yana iya tuƙa shida, yana karanta ma'aunin motsi shida, yana da ƙofofin shiga 32 da na fita 16 don makunnai da famfon ruwa da sauransu. Kuɗinsa da na katin da ke haɗa shi da kwamfuta 'yan ɗaruruwan Daloli ne. Kwamfutar ba sai mai tsada ba, amma sai an gwada ta. LinuxCNC tana lissafa matsayin kowane moto sau dubu a daƙiƙa ɗaya, saboda haka ana bukatar kwamfutar da ba ta yin jinkiri ko na ƙiftawar ido. Akwai gwaji a cikin manhajar da ke nuna wannan. A bar shi yana gudana, a buɗe bidiyo, a kwafi manyan fayiloli, a takura mata sosai a ga lambar da za ta bayar. Kwamfutar cinya yawanci faɗuwa take yi, saboda dabarunta na tattalin batir.

Wuri ɗaya da ke ba mutane ciwon kai shi ne ma'aunin motsi, wato na'urar da ke gaya wa kwamfuta inda tebur yake. Tsofaffin ma'aunai irin na Heidenhain suna fitar da wata siririyar sigina mai hawa da sauka wadda sabon kati ba ya ji kai tsaye, sai an sa ɗan akwatin da kamfanin ke kira EXE a tsakani ya mayar da ita bugu-bugu. In ba a samu ba, a canza ma'aunin da sabo. Daga nan sai lissafi, kuma lissafin ɗan aji uku na sakandare ne. A ce sukuru yana tura tebur milimita 5 a kowane juyi, ma'aunin da ke jikin moto kuma yana da layi 1,000 a juyi ɗaya, wanda kati ke ƙirgawa sau huɗu ya zama 4,000. In moto da sukuru a haɗe suke kai tsaye, kowace milimita bugu 800 ke nan. In akwai bel da ke sa moto ya juya sau biyu kafin sukuru ya juya sau ɗaya, ta zama 1,600. Wannan lamba za ka rubuta a fayil, sannan ka ce wa tebur ya tafi milimita 100, ka auna ka gani ko ya cika alkawari.

Ranar kunnawa ta farko a cire bel, a raba moto da sukuru. Dalili kuwa, in aka juya wayoyin ma'auni, kwamfuta za ta ga moto yana nisa da inda ta aike shi, ta ƙara masa wuta, shi kuma ya ƙara gudu ta hanyar da ba ita ba, cikin ƙasa da daƙiƙa ya kai ƙarshen gudunsa. In tebur na haɗe, zai je ya daki bango da dukan nauyinsa. Akwai lambar da ke cewa in bambanci tsakanin inda aka aiki moto da inda yake ya wuce kaza, a kashe komai. A sa ta ƙarama tun daga farko. Bayan nan sai daidaita yadda moto ke amsa umarni, wanda aikin haƙuri ne: ka ƙara lamba har ka ji moto ya fara rawar jiki yana kuka, ka rage, ka duba zanen da manhaja ke nunawa, ka sake. Da muka gama muka ɗaura guntun alminiyom muka yanka da'ira. Na fi yarda da wannan gwaji fiye da kowane, domin a wurare huɗun da tebur ke juya akala, in akwai wasa a sukuru, za ka ji ɗan tudu da farcenka. Muka shafa muka auna ta kowace fuska, muka kuma zura boris a ramin da muka yanka masa, ya shiga da ɗan bugun tafin hannu ya zauna daram. Yaran shago har da kabbara.

Ina da magana da matasanmu masu ƙoƙari da ke koyon wannan abu a YouTube. Akwai wata manhaja ta kyauta mai suna GRBL, wadda wani ɗan ƙasar Norway ya fara a 2009, tana aiki a kan ɗan allon Arduino mai arha. Abu ne mai kyau ƙwarai ga injin sassaƙa katako ko rubutu a kan roba da alminiyom, kuma ina ba kowane ɗalibi shawara ya fara da ita. Amma hanyoyi uku take sarrafawa, kuma aika umarni kawai take yi, ba ta samun labarin ko tebur ya isa. Na ga inda aka cire lafiyayyun motocin sarbo daga babban inji aka sa masu tafiya taku-taku, irin masu taku 200 a juyi ɗaya, don kawai su ne aka saba da su. Irin wannan moto in nauyi ya fi ƙarfinsa tsallake taku yake yi bai gaya wa kowa ba, sai ka gama aikin awa uku ka auna ka tarar ya kauce. An rage wa injin daraja ke nan da sunan gyara.

Maganar tsaro kuwa ba ta da sassauci. Jan maɓallin tsayar da inji na gaggawa dole ne ya yanke wutar motoci ta hanyar waya da makunni na zahiri, ko kwamfuta na aiki ko ta daskare. Makunnan iyaka na ƙarshen kowace hanya a haɗa su yadda in waya ta tsinke inji zai tsaya. Akwatunan wutar motoci suna riƙe caji mai kisa bayan an kashe wuta, a jira, a auna da mita kafin a sa hannu. Wuƙa mai juyawa ba ta san babbar riga ko hannun riga mai faɗi ba, kuma ɓarɓashin ƙarfe mai zafi ido yake nema. Duk wanda zai tayar da inji ya bar waɗannan, gara ya bar shi a ƙarƙashin tamfol ɗinsa.

Sai abin da littattafan Turawa ba za su gaya maka ba, domin ba su san shi ba. Wutarmu tana hawa tana sauka, wani lokaci layi ɗaya cikin uku ya ɗauke ya bar biyu. A sa na'urar da ke yanke wuta in hakan ta faru, kwamfuta kuma a ba ta batirin ko-ta-kwana don kada ɗaukewar wuta ta kashe ta a tsakiyar aiki. A duba farantin da ke jikin inji: namu layi uku ne mai bolt 400 zuwa 415 da bugu 50 a daƙiƙa, injin da aka yi don kasuwar Amurka kuwa na bugu 60 ne da wani ƙarfin wuta dabam, sai an bi ta taransifoma don daidaita ƙarfin wutar. Wayar ƙasa ma abin lura ce. Ƙasarmu da rani bushewa take yi ƙayau, sandar da aka kafa da damina tana aiki, a watan Maris sai ta zama ado. In wayar ƙasa ba ta da kyau, inbatar da ke juya wuƙa za ta riƙa watsa hayaniya cikin wayoyin ma'auni, inji ya yi ta tsayawa ba dalili. A kafa sanda mai zurfi, a yi amfani da waya mai rigar ƙarfe, a raba hanyar wayoyin wuta da ta wayoyin sigina. Akwatin kuma a rufe shi ruf, a sa masa fanka mai matata, a riƙa wanke matatar duk mako idan hunturu ya kama.

Ba kowane inji ne ya cancanci wannan wahala ba, kuma ba na so wani ya karanta wasiƙata ya je ya zuba kuɗinsa a rami. Wanda ya kwana a fili shekaru ruwa na dukansa har tsatsa ta ci layukansa, ko gangar jikinsa ta tsage, ko sandar wuƙarsa ta lanƙwashe, a cire abin da zai yi amfani a jikinsa a sayar da saura. Wanda ke da na'urar canza wuƙa da kansa, ko akwatin giya mai hawa da yawa kamar na Maho, yana tashi, amma aikinsa ya ninka, kada ya zama na farkon mai koyo. Kuma gaskiya ne tsohon inji ba zai yi gudun na zamani ba. Sai dai mu tambayi kanmu aikin da ke gabanmu. Masu kamfanonin takalman roba da bokiti da buta suna bukatar a gyara musu mazubin da ya ci, maimakon a jira wani daga Chaina. Masu injinan casar shinkafa a Kura da Haɗeja, da masu matsar man gyaɗa, da masu injin ɗura ruwan leda, da manoman rani na Kadawa masu famfunan ban ruwa, kullum wani ƙaramin ƙarfe ne ke karyewa ya tsayar da su mako biyu. Wannan aiki daidaito yake so, ba ya bukatar gudun ƙera jirgin sama.

Masu hannun yin aikin kuma muna da su. Yaron da ke zaune a Farm Centre yana ɗaga ƙwayar da ba ta kai ƙwayar gero ba daga allon waya ya mayar da wata, haɗa wayoyin katin Mesa ba zai gagare shi ba. Maƙeran Panteka a Kaduna sun san ƙarfe. Ɗaliban kwamfuta sun san Linux. Abin da ya rage a haɗa su a ɗaki ɗaya da inji ɗaya. Ɗaliban da ake turo mana koyon aiki a ƙarƙashin shirin SIWES na hukumar ITF, da yawansu sun haddace G-code don jarrabawa amma ba su taɓa ganin tebur ya motsa da umarninsu ba. Ranar da ɗayansu ya zana abu a manhajar zane ta FreeCAD, wadda ita ma kyauta ce, ya fitar da umarnin, ya ga wuƙa tana bin zanensa, daga ranar ba ka ƙara roƙonsa ya zo da wuri.

Saboda haka ina kira ga shugabannin kwalejojin fasaha da jami'o'inmu, duk mai mataccen injin CNC a harabarsa ya mayar da tayar da shi aikin kammala karatu na haɗin gwiwa tsakanin sashen injiniyan inji da na lantarki da na kwamfuta. Ɗalibin da ya bi wayoyin inji ɗaya daga farko har ƙarshe ya fi wanda aka nuna wa sabo fil ta bayan gilashi aka ce kada ya taɓa. Ina roƙon hukumar NBTE da ke Kaduna, mai tsara manhajar karatun kwalejojin fasaha, ta duba yiwuwar sa wannan a cikin darasi. TETFund, da ke ba manyan makarantu kuɗin kayan aiki da bincike, ta ware wani abu don farfaɗo da tsofaffin da ke ajiye, ko da kaɗan ne a gefen kuɗin sayen sababbi. Hukumar NASENI, wadda aka kafa a 1992 don irin wannan manufa kuma tana da cibiya a Kano, za ta iya horar da rukunin farko na masu koyarwa, ta kuma sayo katunan da yawa a lokaci ɗaya don su yi sauƙi. Kwamitocin da ke gwanjon kayan gwamnati kuma, kafin a rubuta wa inji cewa ya tashi aiki, a kira makanikin da zai kafa masa agogon awo, a rubuta abin da ya gani. In ma sayarwar za a yi, a sayar da shi a matsayin inji ga mai shago, gwamnati ma ta fi samun kuɗi a haka. 'Yan'uwanmu masu sayen tsohon ƙarfe sana'arsu suke yi ta halal, ina dai roƙonsu in irin wannan ya faɗo hannunsu su leƙa layin makanikai su yi tallarsa kafin su kunna gas, za su ga ribar ta fi ta kilo.

Wanda kuma Allah ya sa injinsa na aiki har yanzu da tsohuwar ƙwaƙwalwarsa, kada ya cire ta, ba a gyaran abin da bai lalace ba. Amma a cikin makon nan ya sa a kwafe masa lambobin saitin ta kafar RS-232 da ke jikin akwatin zuwa kwamfuta, in hakan ta gagara a bi shafi-shafi a ɗauki hoton gilashin da waya. A nemo littafin injin da zanen wayoyinsa a yi musu hoto a ajiye a wuri biyu. Batirin nan kuma a canza shi duk shekara, kuma a irin su Fanuc ana canza shi ne akwatin yana kunne, domin in aka zare shi a kashe lambobin na iya tafiya nan take.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam.

Naka,
Wani makanikin injinan masana'antu,
Sharaɗa, Kano.